Filas ɗin Yaya da zagayen ƙarshe

Har yau in muka zauna a gidan Yaya aka kawo filas ɗin shayi sai ya ja shi gefensa ya ce min "matsa can, kai ba a ajiye filas kusa da kai", yara su yi ta dariya alhali ba su san asalin maganar ba, don lokacin da abin ya faru ko ɗaya ba a haifa ba a cikinsu. Asalin maganar tseren mota ne. E, tseren mota, irin masu tayoyi a waje ɗin nan kamar ƙwaro, masu wurin zaman mutum ɗaya, da ake ce wa Fomula Wan. Na san da yawanku in ba ƙwallo ba ba ruwanku, nan Jidda ma in ba Ittihad ko Ahli ka ambata ba ba a ɗauka magana kake ba, amma ku yi haƙuri ku biyo ni.

Ranar 2 ga Nuwamba 2008 ce, ban fi shekara ɗaya da zuwa ba, ina raɓe a ɗakin Yaya a Karantina (ɗakin ma yanzu babu shi, rusau ya bi ta kan unguwar), ga 'yar talabijin irin ta da mai ƙaton baya an ɗora ta kan akwatin ƙarfe. Yaya ɗan Ferrari ne na gani-kashe-ni tun zamanin Schumacher, shi a wurinsa in mota ba ja ba ce to amalanke ce. Ni kuwa wlh ba wani sanin tsere na yi ba, na dai duba cikin direbobin nan 20 na ga baƙi guda ɗaya tak, yaro ɗan shekara 23, na ce to wannan ne nawa, Lewis Hamilton. Dalilin kenan, ba zan yi muku ƙaryar wai na san kan injin motarsa McLaren ba.

Tseren ƙarshe na shekarar ne, a Interlagos ta Birazil, garinsu Felipe Massa direban Ferrari, mu nan ya faɗo mana bayan Isha'i. Hamilton na da maki 94, Massa 87. Lissafin mai sauƙi ne, Yaya ya rubuta min shi a bayan kwalin sukari: ko Massa ya zo na ɗaya, in dai Hamilton ya zo na biyar ya ci kambun, in ya zo na shida sun yi kunnen doki a 97, kuma Massa ne zai ɗauka don zai fi shi yawan tseren da ya ci, 6 da 5. To ana cikin tafiya saura 'yan zagaye kaɗan cikin 71 sai ruwa ya sauko, kusan kowa ya ruga gareji canza taya zuwa ta ruwa, amma Timo Glock na Toyota ya ƙi shiga ya ci gaba da tayar busasshiyar hanya, sai kuma wani yaro Vettel ya zo ya wuce Hamilton saura zagaye biyu ya mai da shi na shida. Massa ya tsallake layi na ɗaya. Yaya ya miƙe tsaye yana kabbara ya rungume maƙwabcinmu da ya leƙo, a talabijin ga baban Massa da 'yan'uwa suna ta tsalle a garejin Ferrari, ni kuwa na haɗa kai da gwiwa. Ban ma ga lokacin da abin ya faru ba, mai sharhi kawai na ji muryarsa ta canza, na ɗago na ga sunan Hamilton a lamba ta 5. Ashe a kwanar ƙarshe kafin hawan tudun nan motar Glock ta zama kamar tana tafiya kan kuɓewa, Vettel ya wuce shi, Hamilton ma ya wuce shi. 98 da 97.

Tsallen da na yi ne ƙafata ta kwashi filas ya bugi akwatin, kwalbar ciki ta tarwatse, shayi ya malale a darduma. Abin da ba na mantawa ba filas ɗin ba ne. Yaya ne, yana tsaye hannuwansa har lokacin suna sama bai sauke ba, bakinsa a buɗe, dariyar ba ta gama barin fuskarsa ba amma idonsa ya riga ya gane. Daidai lokacin kuma kyamara ta koma garejin Ferrari ana gaya wa su baban Massa, su ma haka fuskarsu ta yi sak. Ta leƙo ta koma, farin cikin da bai kai minti ɗaya ba. Ni kuwa don rashin kunya ina ta rawa a kan jiƙaƙƙiyar dardumar mutum, a ɗakinsa, ina cin abincinsa. Bai ce min komai ba, ya ɗauko tsumma ya miƙo min.

Tun daga ranar na gane ni fa ba motocin ne suka kama ni ba, don gaskiya akwai tseren da za ka kalla awa ɗaya da rabi kamar kana kallon layin motoci a hanyar Makka ranar Alhamis da yamma, ba mai wuce wani. Abin da ke riƙe mutum shi ne 'yan mintocin ƙarshen nan da abin da suke mai da mutanen da ke zaune kusa da kai. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma ba direbobin kaɗai nake nufi ba.

Sai ga shi a Disamba 2021 an kawo mana abin har gida, aka shimfiɗa hanyar tsere a Kornish ɗin arewa, kilomita 6.174, kwanar hanya 27, zagaye 50, da dare ƙarƙashin fitilu, katanga hagu katanga dama ba wurin kaucewa. Ni aikina tuƙi ne, direban gida, to yaran mai gida suna da tikiti ni ba ni da, na sauke su na koma can inda direbobi ke jira. Muka haɗu mu kusan bakwai, ɗan Pakistan, Bahabashe, 'yan Sudan biyu, muka jingina wayata a gilashin mota muka zagaye ta. Matsalar ita ce hoton waya yana baya da abin da ke faruwa, sai ka ji ihun jama'a ya taso daga can kamar igiyar teku, duk mu duƙa kan waya muna jira mu ga me ya faru, zuciya na dukan uku-uku, sai can an jima hoton ya iso. Ka san an yi wani abu amma ba ka san wa aka yi wa ba, wlh ban taɓa shan irin wannan azabar mai daɗi ba.

Kuma daren an sha ihu. Sau biyu ana ɗaga jar tuta a tsai da tseren, har muka ji daraktan tsere Michael Masi a rediyo yana yi wa Red Bull tayin inda za a ajiye direbansu Max Verstappen, abokin hamayyar Hamilton, in an sake tashi, kamar ana ciniki a Bab Sharif, saura kawai a ce albarka. A zagaye na 37 aka ce Verstappen ya mayar wa Hamilton wurinsa don ya yanke kwana, ya rage gudu kwatsam, Hamilton bai gane ba ko bai so ya wuce a daidai wurin ba, ya daki bayansa fiffiken gaba ya fashe. Ihun wannan ɗin har ƙasa sai da na ji kamar ta motsa. Hamilton dai ya ci da fasasshen fiffike, mu kuma da tartsatsin wuta a sama muka san an gama tun hoton bai nuna ba. Amma wanda ya fi ba ni tausayi ɗaya daga cikin 'yan Sudan ɗin ne, bai san kowa ba a tseren, ya dai ji an ce Ocon motarsa ba ta kai ta manya ba sai ya ce shi yana tare da miskini, yana ta lallaɓa shi har layin ƙarshe, sai ga Bottas ya fizge masa na uku a kan layin da ratar sakan 0.102. Mutumin ya cire hula ya buga a bonet yana "haram, wallahi haram", mutumin da awa biyu da suka wuce bai taɓa jin sunan Ocon ba.

Daga nan aka tafi Abu Dabi kowa na da maki 369.5, Hamilton da Verstappen daidai wa daida (rabin makin nan daga Beljiyam ya samo asali, ranar da ruwa ya hana tsere aka ɗan zaga bayan motar tsaro aka raba rabin maki). Ranar 12 ga Disamba, Lahadi, kun san mu nan ranar aiki ce, na roƙi mai gida ya ba ni yamma na ce ina da uzuri a gidan yayana, kuma ai ban yi ƙarya ba. Ƙarfe huɗu agogonmu aka tashi, mun yi La'asar mun zauna a falon Yaya: ni, Yaya, babban ɗansa lokacin yana ɗan shekara 11, Kawu da ya zo daga Makka asibiti ya kwana biyu, sai Usta. Usta makanike ne, Bahaushen Sudan haifaffen Mai Wurno, Hausarsa rabi Larabci, shi ɗan Verstappen ne saboda dalili ɗaya, injin Honda ke cikin Red Bull a lokacin, kuma ya ce shekara ashirin yana kwance injin Japan bai taɓa cin amanarsa ba.

Tun kwanar farko Hamilton ya karɓe gaba, a kwana ta 6 Verstappen ya kutsa masa, Hamilton ya bi ta waje ya dawo a gaba alkalai suka ce ba komai, Usta ya miƙe yana "ya zol wannan zalunci ne", na ce zauna malam. Ku riƙe wannan, don ni na manta da shi har tsawon shekara guda. Perez, abokin Verstappen a Red Bull, ya tare Hamilton ya ɓata masa lokaci sosai a tsakiya amma duk da haka ya sake tserewa, saura zagaye shida cikin 58 ratar ta haura sakan 10, na fara lissafin abin da zan rubuta a Facebook, kambu na takwas, an wuce Schumacher, har na zaɓi hoton da zan sa. Usta ya fara neman takalmansa wai yana da mota a gareji.

Sai Nicholas Latifi na Williams ya daki katanga a zagaye na 53. Motar tsaro ta fito, wadda muke ce wa seftika, ita ce in an yi haɗari take shiga gaba kowa ya bi ta a hankali a jere, duk ratar da ka tara ta tashi a banza. Verstappen ba shi da abin da zai yi asara, ya shiga ya sa sabbin tayoyi masu laushi. Hamilton ba halin ya shiga don in ya shiga ya ba da gaba kenan kuma ƙila a ƙarasa tseren a haka, sai ya zauna kan tsofaffin masu tauri da suka yi zagaye sama da 40. A nan Kawu da ke gefe da carbinsa, wanda tun da aka fara bai ce uffan ba, ya ɗago ya ce "kai ɗan nan, shi wancan da ya yi gaba tun ɗazu me ya sa aka tsai da shi yana jiran na baya?" Na ce Kawu haɗari aka yi. Ya ce su a sukuwa in doki ya faɗi ba a cewa na gaba ya ja linzami. Usta ya ce Kawu ai akwai mutane a kan hanya suna kwashe ƙarafa, ba a so a take su. Kawu ya ce "to sai a ce an tashi mana, kowa ya san wanda ya ci", ya koma kan carbinsa.

Tsakanin Hamilton da Verstappen akwai motoci biyar da aka riga aka yi wa zagaye, su Norris, Alonso, Ocon, Leclerc da Vettel. Da farko aka rubuto cewa ba za a bar su su wuce ba, na sauke ajiyar zuciya, don kafin Max ya ratsa motoci biyar an gama. Sai a zagaye na 57 aka ce waɗannan biyar ɗin kawai su wuce, sauran da ke baya su zauna, kuma seftika ta shige a wannan zagayen, alhali yadda aka rubuta dokar sai ƙarshen zagaye na gaba take shiga, wanda ke nufin da a bayanta za a ƙare. Zagaye ɗaya tak, sabuwar taya da tsohuwa. A kwana ta 5 ya shige. Hamilton ya sake gwadawa a miƙaƙƙiyar hanya har suka jera, Toto Wolff, shugaban Mercedes da Hamilton ke tuƙa wa a lokacin, na ta kiran sunan Masi a rediyo yana cewa wannan ba daidai ba ne, Usta kuwa yana tsaye kan kujerar Yaya da takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu yana ihu da wani yare da ba Hausa ba ba Larabci ba, yaron Yaya na ta "Baffa, Baffa, halas? halas?" yana jijjiga ni. 395.5 da 387.5.

Ni ban yi ihu ba, ban yi zagi ba, kawai dai na ji hannuwana sun yi sanyi kuma na lura ashe wayata na hannuna da hoton nan da na zaɓa a buɗe. Sai Yaya ya tashi, shi da ba shi da doki a tseren, Ferrari ba ta cikin lissafi duk da direbansu Sainz ya zo na uku, ya ɗauko filas ya tsiyaya shayi a ƙaramin kofi ya miƙo min ya ce "sha, riƙe da hannu biyu." Na karɓa. Ya zauna kusa da ni ya ce a hankali yadda ba wanda ya ji, "haka na ji." Shekara 13 yana ajiye da ita. Ba a jima ba aka kira Magariba muka fita, na tsaya sahu kafaɗa da kafaɗa da Usta ina jin yadda jikinsa ke rawa don murna, Allah Ya yafe min, raka'a ta biyu ina ƙirga motoci biyar ne.

To daga nan musu ya fara, kuma har yanzu bai ƙare ba. Ni matsayina bai canza ba: na 2008 ruwa ne daga Allah, Glock caca ya yi da taya ta kusa fisshe shi ta ƙi, ba wanda ya taɓa doka. Na 2021 mutum ne ya zauna a ofis ya lanƙwasa doka don a samu zagayen ƙarshe mai daɗin kallo. Kuma ba ni kaɗai na faɗa ba, hukumar tseren, FIA, da kanta ta cire Masi daga kujerar a Fabrairu 2022, a Maris ta fitar da rahoto ta ce kuskuren ɗan'adam ne, ta gyara kalmar dokar ta koma duk motocin da aka yi wa zagaye ne za su wuce ba wasu ba, amma sakamako ya zauna yadda yake. Mercedes sun kai ƙara a daren aka kora, suka ce za su ɗaukaka suka fasa. Verstappen kam ba laifinsa, an buɗe masa ƙofa ya shiga, ko ni ne zan shiga, kuma tsere 10 ya ci a shekarar ba wanda ya kai shi. Usta in na kawo maganar sai ya ce zakaran da Allah Ya nufa da cara ko ana muzuru ana shaho sai ya yi, sannan ya tuna min kwana ta 6, ya tuna min Silverstone inda Hamilton ya taɓa Max ya tafi katanga har asibiti shi kuma ya ci tseren da tarar sakan 10 kacal.

Shi kuwa Yaya da na ce masa nawa da naka ba ɗaya ba ne, sai ya yi murmushi ya ce "Singafo fa?" Nan ya kashe bakina. Don a 2008 ɗin dai, a tseren Singafo, Renault sun sa direbansu Nelson Piquet ƙarami ya daki katanga da gangan don seftika ta fito ɗaya direban nasu Alonso ya amfana, Massa ne ke gaba a lokacin, ya shiga gareji cikin ruɗani ya fizgi mota da tiyon mai a jikinta ya ƙare ba maki ko ɗaya, sai a 2009 asiri ya tonu, kuma maki ɗaya ne ya raba su a ƙarshe. Massa har kotu ya kai maganar a Landan a 2024. Ni duk shekarun nan ban taɓa jin wannan ya dame ni ba, ko sau ɗaya ban rasa barci a kai ba, laifi tudu ne.

Akwai kuma abin da na yi da nake jin kunyarsa. A daren nan na Abu Dabi na shiga shafin Latifi na rubuta masa baƙar magana da guntun Turancina, na ga dubban mutane sun riga ni, wasu abin da suka rubuta ba ya faɗuwa. Da Asuba na goge. Bayan kwanaki ya fito ya ce har barazanar kisa aka yi masa, yaron da ke can baya yana kokawa da Mick Schumacher kan wurin da ko maki babu, motarsa ta kufce masa kawai. Haka aka yi wa Glock shekara da shekaru ana cewa sayar da tseren ya yi, alhali duk wanda ya taɓa tuƙi da sulɓaɓɓiyar taya ranar da aka yi ruwa a Jidda ya san ba a yi wa mota dole. Shi kuwa wanda aka yi wa abin, Hamilton, ya fito ya miƙa wa Max hannu, babansa Anthony ya je ya taya Max da babansa Jos murna, sannan ya yi shiru kusan wata biyu ba a ji ɗuriyarsa a intanet ba. Mu da ko sisi ba mu yi asara ba mu ne muka kasa haƙuri.

Maganar Kawu kuma ta "sai a ce an tashi" ba a yi shekara ba aka gwada ta. Satumba 2022 a Monza ta Italiya, gidan Ferrari, motar Ricciardo ta mutu a gefen hanya saura 'yan zagaye, seftika ta fito, Verstappen na gaba Leclerc na Ferrari na binsa, wannan karon aka bi doka sak aka ƙare a bayan seftika. Jajayen riguna suka yi ta ihun a'a, Yaya a falo ya fi su ƙara yana cewa wannan ai cin kuɗin 'yan kallo ne a sake su su yi zagaye ɗaya mana, kuma, to, ni ma ina taya shi, don ba na son Max ya ci. Usta ya juyo ya dube ni kawai ya ce "zagaye ɗaya ko?" Na tashi na shiga kicin neman ruwan da ba na ji.

In ana maganar ƙarshen da ba ya barin ɗaci kuwa, nan gida aka yi shi, 27 ga Maris 2022, kwana biyu bayan hayaƙin nan da ya turnuƙe sama daga ma'ajiyar mai da aka kai wa hari, har direbobi suka raba dare suna shawarar ko a fasa. Leclerc da Verstappen, kowa ya gane cewa wanda ya riga tsallake wani layi kafin kwanar ƙarshe shi zai ba na baya damar buɗe fiffiken baya ya ƙara gudu ya wuce shi a miƙe, sai ga manyan direbobi biyu suna taka burki har taya na hayaƙi kowa na cewa ɗan'uwansa bisimilla wuce, kamar surukai a bakin ƙofa. Muna wurin jiranmu na direbobi muna ta dariya muna ihu, ratar sakan 0.549 Max ya ci, Leclerc ya ɗaga masa babban yatsa. Ba ni da kowa a ciki shi ya sa na ji daɗinsa, wannan ma na lura. Shekara ta gaba kuma Alonso aka yi wa wasa da hankali, ya hau mumbari na uku, karo na 100 a rayuwarsa, aka ce an ci shi tarar sakan 10 a ba Russell, can tsakar dare aka ce a'a a mayar masa. Yaran mai gida da ke son Aston Martin, motar Alonso, saboda tambarin Aramco sun yi murna sun yi fushi a mota ina tuƙa su, murna ta biyu kam sai da safe.

Yaron Yaya yanzu ya fi mu zurfi, shi har na Amurka yake bi, ya nuna min na Indianapolis na 2024 inda Newgarden ya wuce O'Ward a zagaye na 200 na ƙarshe, ya fito daga mota ya kutsa ta ƙasan waya ya faɗa cikin 'yan kallo suna ta dukan bayansa, O'Ward kuma ya kifa kai yana kuka, wanda ya ci kuma wai madara ake ba shi ya sha. Na ce wannan al'adar kam ta Fulani ce suka sata.

Ranar 7 ga Yuli 2024 Hamilton ya ci Silverstone, Max na biye da shi yana matsowa har layi, kuma tun daren nan na Kornish da na kalla a gilashin mota bai sake cin tsere ba sai ranar, kwana 945. Yana kuka a rediyo, ni ina fakin a gaban wata baƙala ina jiran uwar gida ina share ido da gefen riga, ɗan Bangaladash mai shagon na leƙo ni. Wanda ya fara kira na Usta ne, ya ce "mabruk ya zol" ya kashe.

Sai kuma abin da ba wanda ya zata, Hamilton ya koma Ferrari a 2025. Yaya ya je Balad ya sayo jajayen huluna biyu ya jefo min ɗaya ba tare da ya dube ni ba, yanzu kujera ɗaya muke zama muna jin haushi tare, shekarar farko in ban da ɗan gajeren tseren Chaina da ya ci ba abin da muka tsinta, Usta kuma Norris ya ƙwace wa Max ɗinsa kambun da maki biyu a Abu Dabi ɗin dai, ya zo da takalmansa biyu a ƙafa ya koma da su shiru. Na ce wa Yaya tunda yanzu gida ɗaya muke ai sai a yafe maganar filas, har na sayo masa sabo na ƙarfe wanda ba ya fashewa. Ya karɓa ya jujjuya shi ya ce yana da kyau, ya miƙa wa matarsa ta zuba shayi, da aka kawo ya ja shi gefensa.